Kwamfuta Takwas, Aka Manta da Ɗaya: Ma'ajiyar Manhaja da Shiryayyun Sabobin Gajimare

[Kiɗan buɗe shiri]

Yau za mu leƙa wani lungu na aikin manhaja da ba kasafai ake zancensa ba, wato hanyar da manhaja ke bi daga hannun wanda ya rubuta ta har ta isa kwamfutocin da ke yi wa jama'a hidima. Ga mai rubuta manhaja da ɗalibin kimiyyar kwamfuta, wannan zancen sana'arsu ne. Wanda kuwa nasa latsa waya ne ya tura kuɗi, shi ma ya gyara zama, domin manhajar da ke riƙe da kuɗin nasa ta wannan hanya ta biyo.

Ranar Laraba 1 ga watan Agusta na shekarar 2012, da ƙarfe tara da rabi na safe, aka buɗe kasuwar hannun jari ta New York kamar kullum. Akwai wani kamfani mai suna Knight Capital, ɗaya daga cikin manyan dillalan hannun jari na Amurka a lokacin. Kasuwar ta fito da sabon tsari da zai fara aiki a ranar, don haka kamfanin ya sabunta manhajarsa mai aika odar saye da sayarwa. Manhajar tana zaune ne a kan kwamfutoci takwas. Ma'aikacin da aka sa ya kwafa sabuwar ya ɗora ta a kan bakwai, ya tsallake ta takwas, kuma ba a sa wani ya bi bayansa ya duba ba. A cikin waccan ta takwas akwai wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi tun 2003, amma ba a goge shi ba. Sabuwar manhajar kuwa ta ari wata alama da a da ita ce ke tayar da tsohon umarnin. Da oda ta fara shigowa ɗauke da wannan alama, kwamfutoci bakwai suka yi abin da ake so, ta takwas kuwa ta tayar da tsohon, ya shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa.

Garin neman gira aka rasa ido. Injiniyoyin kamfanin sun zaci sabuwar manhajar ce ke da laifi, sai suka cire ta daga kan bakwai ɗin da ke lafiya, nan take duka takwas suka kama ɓarna tare. Cikin minti 45 kamfanin ya tafka asarar kusan dala miliyan 440. Da ƙyar aka tara masa kuɗin ceto, shekara na zagayowa kuma ya narke cikin wani kamfani. Mai sauraro, ka lura da abu ɗaya: ba kutse aka yi musu ba, ba kuma wuta aka ɗauke ba. Abin da ya faru shi ne babu wanda zai iya rantsewa cewa abin da ke kan kwamfuta ta ɗaya shi ne ke kan ta takwas. Kayan aikin da za mu tattauna yau, dukkansu domin a iya wannan rantsuwa aka ƙirƙiro su.

Mai rubuta manhaja rubutu yake yi, da harshe irin su Java ko Python ko JavaScript. Wannan rubutu ba shi ake miƙa wa sabar, wato kwamfutar da ke yi wa jama'a hidima, kai tsaye ba. Sai an bi da shi ta wani mataki da ake haɗa shi: a juya shi zuwa abin da inji ke ganewa, a tattaro duk guntayen manhajar da ya dogara da su, a ɗaure su wuri guda. Abin da ya fito shi ne za mu kira ƙunshi. A Java yakan zama fayil mai ƙarewa da jar, a wayar Android apk, a Debian da Ubuntu deb. Ƙunshin nan shi ake gwadawa, shi ake ɗorawa, shi kuma zai yi aiki ko ya ɓata.

Guntayen nan da na ce ana tattarowa, su ne mafi yawan kayan. Babu mai zama yau ya rubuta hanyar ɓoye kalmar sirri ko lissafin kwanan wata daga tushe. Aro ake yi daga manyan ma'ajiyu na jama'a da ke intanet. Masu Java suna ɗebowa daga Maven Central, wadda kamfanin Sonatype ke kula da ita. Masu JavaScript suna da npm, masu Python suna da PyPI, masu kwantena, wato ƙunshin da ke ɗauke da manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, suna da Docker Hub. Kuma kowane guntu da ka aro yana da nasa abin da ya aro. Ka nemi goma, su jawo maka ɗaruruwa, mafi yawa ba ka taɓa jin sunansu ba balle ka san wanda ya rubuta su.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma masu JavaScript sun ga haka ƙarara ranar 22 ga Maris 2016. Wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, yana da ƙunshi a npm mai suna kik. Kamfanin Kik na ƙasar Kanada, mai manhajar aika saƙo, ya nemi sunan, masu kula da npm suka goyi bayan kamfanin. Shi kuwa ya fusata ya janye duk kayansa, ƙunshi 273. A cikinsu akwai wani ɗan mitsitsi mai suna left-pad, layi goma sha ɗaya kacal, aikinsa cike gurbi a farkon rubutu. Ashe manyan kayan aiki irin su Babel sun rataya a kansa, dubban ayyuka kuma sun rataya a kan Babel. Ko'ina a duniya haɗa manhaja ya tsaya cik. Sai da masu npm suka yi abin da ba su taɓa yi ba, suka mayar da ƙunshin da mai shi ya janye, bayan cikas na kusan awa biyu da rabi. Daga baya suka tsaurara dokar janye kaya.

To wa ya tsira a ranar? Duk wanda ke da ma'ajiya ta kansa a gida, wadda ta riga ta ajiye kwafin left-pad. Wannan ita ce ma'ajiyar ƙunshin manhaja, kuma sanannun manhajojin da ke wannan aiki su ne Nexus Repository na Sonatype da Artifactory na kamfanin JFrog. Manyan kamfanonin gajimare, wato masu ba da hayar kwamfuta ta intanet, su ma suna da nasu na haya, kamar CodeArtifact na Amazon. Ma'ajiyar tana zama ne tsakanin ma'aikatan kamfani da intanet. Idan wani ya nemi ƙunshi, ita yake tambaya. In tana da shi ta ba shi. In ba ta da shi, ta je waje ta ɗauko, ta ba shi, ta kuma riƙe kwafi. Na biyu da zai nema ba sai an sake fita ba.

A nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa: WACS da ACE da SAT-3 da MainOne. Intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, hidimomin wasu bankuna suka sami tangarɗa, gyara kuma ya ɗauki makonni. Ka ɗauki ofishin masu manhaja a Kano ko Kaduna da ke buƙatar fitar da gyaran gaggawa a irin wannan rana. Idan duk haɗawa sai an sauko da ɗaruruwan guntaye daga Turai ko Amurka, to sai dai su rungume hannu. Ko da wayoyin teku na lafiya, mutum goma su riƙa sauko da abu ɗaya sau goma ɓarnar data ce, kuma mun san tsadarta. Ga kuma iyaka da masu ma'ajiyun waje ke sakawa. A watan Nuwamba 2020 Docker Hub ya ƙayyade wa wanda bai yi rajista ba ɗauka 100 cikin awa shida, ana ƙirgawa bisa adireshin intanet, alhali ofis guda yakan fita ta adireshi ɗaya. A 2021 kuma JFrog ya sanar da rufe hidimarsa ta Bintray, aka daina karɓar sababbin kaya a JCenter, inda masu manhajar Android suka daɗe suna ɗebowa. Abin kyauta, mai shi ke da ikon rufe ƙofa ranar da ya ga dama.

[Gajeren kiɗa]

Riƙe kayan waje rabin aikin ma'ajiya ne. Ɗaya rabin, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne ajiye abin da kamfani ya haɗa da kansa. Akwai ƙa'idar da Jez Humble da David Farley suka yaɗa a littafinsu na 2010 mai suna Continuous Delivery, kuma har yau ita ce ginshiƙin sana'ar: a haɗa ƙunshi sau ɗaya tak. Wanda aka gwada a ɗakin gwaji, shi ɗin dai za a ɗora wa jama'a, ba wani da aka sake haɗawa ba. Wani zai ce ai rubutun ɗaya ne, me zai bambanta? Abubuwa da yawa. Tsakanin Litinin da aka gwada da Alhamis da aka sake haɗawa, ɗaya daga cikin ɗaruruwan guntayen aro na iya sauya siga. Kwamfutar da ta haɗa na biyu na iya bambanta da ta farko. Sai ka wayi gari ka ɗora wa jama'a abin da ba wanda ya taɓa gwadawa, kana kuma bugun ƙirji cewa an gwada.

Ka dubi kwalin magani a kemis. Akwai lambar rukuni a jikinsa, da ranar da aka yi shi, kuma a liƙe yake. Idan aka gano matsala, hukuma ba ta cewa a kwashe duk maganin ƙasa, lambar rukunin take sanarwa a janye shi. Haka ma'ajiya mai kyau ke yi wa ƙunshi. Kowanne na da suna da lambar siga, misali 2.4.1. Da zarar an ajiye shi da wannan lamba, an rufe, ba mai sake rubuta wani abu a kanta. Gyara ko na harafi ɗaya ne, sabuwar lamba zai ɗauka. Sannan akwai lambar tantancewa da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil ɗin, galibi da tsarin SHA-256, wadda ke fitowa da haruffa da lambobi 64. Ka taɓa ɗigo ɗaya a fayil, lambar gaba ɗaya ta sauya. Da ita sabar ke tabbatar da cewa abin da ya iso mata shi ne aka aiko.

Amfanin wannan rajista ya fito fili a Disamba 2021. Ranar 9 ga wata labari ya bazu cewa akwai ɓaraka a Log4j, wani guntun Java na gidauniyar Apache da 'yan sa-kai ƙalilan ke kula da shi, aikinsa rubuta tarihin abin da manhaja ke yi. Wani mai bincike na kamfanin Alibaba ne ya gano ta. An ba ta maki goma cikin goma a ma'aunin haɗari, domin da ɗan gajeren rubutu mai kutse zai iya sa sabar ta yi masa biyayya. Gyara ya fito da wuri, har sau huɗu a cikin watan, daga siga 2.15.0 zuwa 2.17.1. Amma wahalar da ta hana injiniyoyi barci wata ce daban: a ina Log4j yake a cikin kayanmu? Da yawa ba su taɓa nemansa da sunansa ba, wani guntu ne ya jawo wani, shi kuma ya jawo shi. Mai ma'ajiya da rajista ya bincika ya ga jerin ƙunshin da abin ya shafa, ya kuma toshe tsohuwar sigar a bakin ƙofa don kada wani ya sake ɗauka. Marar ita sai bin sabobi ɗaya bayan ɗaya, yana addu'ar kada ya tsallake wata. Shi ya sa yanzu ake matsa wa masu sayar da manhaja su haɗo da takardar jerin kayan da ke cikinta. Gwamnatin Amurka ma ta sa wannan a cikin umarnin shugaban ƙasa mai lamba 14028 na watan Mayu 2021.

Kada kuma a ɗauka da an kafa ma'ajiya an gama. Wanda ya saita ta da ganganci ya buɗe wata ƙofar. A Fabrairu 2021 wani mai binciken tsaro ɗan ƙasar Romaniya, Alex Birsan, ya bayyana wata dabara mai sauƙi har abin ya ba mutane kunya. Ya tsinto sunayen ƙunshin cikin gida na manyan kamfanoni, sunayen da babu su a ma'ajiyun jama'a. Sai ya je npm da PyPI da makamantansu ya yi rajistar waɗannan sunaye, ya ba su lambar siga mai girman gaske. Kayan haɗa manhaja da yawa, in suka ga suna ɗaya a gida da waje, wanda lambarsa ta fi girma suke ɗauka, a zatonsu shi ne sabo. Haka nasa ƙunshin ya shige cikin kamfanoni sama da 35, har da Apple da Microsoft da PayPal. Shi da izini ya yi, ya kuma karɓi tukuicin sama da dala 130,000. Maganin ba wuya: a gaya wa ma'ajiya cewa duk sunan da ke na gida, kada ta kuskura ta neme shi a waje, a kuma yi wa kayan gida wani laƙabi na kamfani da aka riga aka kama a ma'ajiyun jama'a.

[Gajeren kiɗa]

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ake ajiye manhaja da isar da ita. Mun gama da ƙunshi, saura inda zai zauna.

Ƙunshi ba ya aiki a iska. Yana buƙatar kwamfuta mai babbar manhaja irin su Linux, da injin Java ko Python na sigar da ta dace, da saituna, da izinin shiga. A da, injiniya ne ke shiga sabar ya girka waɗannan da hannu. Wata shida ya dawo ya yi gyara, wani ya zo ya ƙara nasa, wani ya sauya saiti da tsakar dare don kashe wata wuta bai rubuta ko'ina ba. Bayan shekara biyu babu sabobi biyu da suka yi kama, kuma kowa na tsoron taɓa su. Irin wannan hali ne ya haifi kwamfuta ta takwas.

A watan Agusta 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar kwamfuta ta intanet da sunan EC2, awa ɗaya a kan santi goma na dala. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a nahiyarmu aka yi mafi yawan aikin gina shi, a birnin Cape Town, ƙarƙashin wani injiniya ɗan Afirka ta Kudu mai suna Chris Pinkham. Sai a Afrilu 2020 ne kamfanin ya buɗe yankinsa na cibiyoyin bayanai a birnin, kusan shekara goma sha huɗu ke nan bayan haka. Tun daga ranar farko, ba a kunna kwamfutar haya a EC2 sai an faɗi daga wane kwafi za a tashe ta. Wannan kwafi shi ne AMI. Cikakken kwafin faifan kwamfuta ne, da babbar manhaja da duk abin da aka girka a kai, an daskarar da shi a wani lokaci. Ka ce a tayar maka da ɗaya daga gare shi, ko hamsin, duka za su farka iri ɗaya sak. Microsoft Azure da Google Cloud ma suna da irinsa da nasu sunaye.

Daga nan sai tunani ya sauya. Me zai sa a riƙa gyara sabar mai rai? A shirya sabon kwafi mai ɗauke da gyaran, a gwada shi, a tayar da sababbin sabobi daga gare shi, a karkatar da jama'a zuwa gare su, a kashe tsofaffin. In sabon ya ba da matsala, tsohon kwafin na nan, a koma masa. Kamfanin Netflix na cikin waɗanda suka yi fice a wannan. A 2013 suka saki kayan aikinsu mai suna Aminator ga jama'a, a 2015 kuma Spinnaker. A 2013 ɗin dai Mitchell Hashimoto na kamfanin HashiCorp ya fito da Packer, wanda ya zama ruwan dare. Yadda yake aiki shi ne ka rubuta masa umarni a fayil: fara da wannan kwafin Ubuntu, girka wannan, ɗauko ƙunshinmu mai lamba kaza daga ma'ajiya, rufe waɗannan ƙofofi. Shi zai tayar da kwamfutar wucin gadi, ya bi umarnin, ya ɗauki kwafinta, ya kashe ta. Ka ga inda igiyoyin biyu suka haɗu ke nan: ƙunshi daga ma'ajiya yake fitowa ya shiga cikin kwafin sabar, kwafin kuma shi kansa ƙunshi ne mai lamba da ya kamata a san ranar haɗa shi da abin da ke cikinsa.

Akwai kuma ribar sauri. Shafin da jama'a ke yi wa rubdugu ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, ko manhajar banki a ƙarshen wata, suna buƙatar ƙarin sabobi nan take. Wadda za ta tashi ta tsaya sauko da kaya da girke-girke, kafin ta shirya mutane sun gaji sun tafi, in ma wata ma'ajiyar waje ba ta ƙi amsawa ba a daidai lokacin. Shiryayyar kuwa tashi kawai za ta yi ta kama aiki.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Na farko, kwafi a daskare yake, duniya kuwa ba ta tsaya ba. Wanda aka shirya a Janairu, zuwa Yuni an gano ɓaraka da dama a cikin kayansa, kuma duk sabar da ta tashi daga gare shi da su za ta tashi. Wanda ba zai iya sake shirya kwafinsa a kai a kai ba, ta inji ba da hannu ba, gara ma kada ya fara. Na biyu, sirri. Injiniya ya shiga kwamfuta ya yi aiki, ya bar mabuɗinsa ko kalmar sirrin rumbun bayanai a wani fayil, sannan ya ɗauki kwafi ya raba. Tun a 2011 masu bincike a Darmstadt ta Jamus suka duba kwafin da mutane suka saki ga jama'a a EC2, suka tarar da mabuɗai da bayanan sirri birjik. Goge fayil ma ba ya wadatarwa, don ana iya tono shi daga faifan. Ƙa'ida ita ce kada sirri ya shiga kwafi sam, sai sabar ta tashi sannan ta karɓo shi daga wurin ajiyar sirri.

Na uku, wa ya shirya kwafin? Duk mai asusu na iya sakin AMI ga jama'a ya raɗa masa sunan da ya ga dama, har da mai kama da na Ubuntu. A farkon 2025 masu binciken tsaro na kamfanin Datadog suka nuna cewa umarnin da ke cewa a ɗauko kwafi mafi sabunta mai suna kaza, ba tare da faɗin asusun mai shi ba, zai iya kinkimo na ɗan damfara. In kun lura, dabarar Birsan ce ta sake riga. A nemi kwafi da lambar asusun wanda aka yarda da shi, ba da suna kaɗai ba. Wani ƙaramin abu kuma da ke rikita sababbin shiga: lambar AMI a yanki ɗaya kawai take aiki. Wadda ka gani a littafin koyo na wanda ke aiki a Virginia ba za ta yi maka a Cape Town ba, sai ka kwafe shi can, ya sami sabuwar lamba.

Ita kanta ma'ajiyar ana samunta a shirye. A kasuwar Amazon ta manhajoji, wadda aka buɗe a 2012, za ka iya zaɓar kwafin da aka riga aka girka wa Nexus ko Artifactory, ka latsa, cikin ɗan lokaci ta tashi. Ga ƙaramin kamfani wannan sauƙi ne na gaske, amma sauƙin girkawa ne kawai, rainon na kanka. A duba wanda ya saki kwafin, don ba duka ne daga masu manhajar suke ba, kuma wasu na ɗora kuɗinsu na kowace awa a kan kuɗin hayar kwamfutar. A ajiye kayan ma'ajiyar a faifai daban da na babbar manhaja, ta yadda ranar da za a sauya kwafi ba za a tafi da dukiyar ba. A sauya kalmar sirri tun kafin a je ko'ina. Shekaru da dama Nexus na zuwa ne da sunan admin da kalmar sirri admin123, wadda kowa ya sani, sai a 2019 aka daina. Kada a bar ta a buɗe ga duk intanet. A kuma sa mata dokar share tsofaffin ƙunshin gwaji, domin faifai cika yake yi, kuma haya da dala ake biya, mu kuwa da naira ko sefa muke samu. Sai dai duk sigar da ta taɓa isa hannun jama'a, wannan a riƙe ta.

In aka tambaye ni da wanne ƙaramin kamfani zai fara, zan ce da ma'ajiya. Tsohuwar kwamfuta mai wadataccen faifai a kusurwar ofis ma ta isa a fara. Shirya kwafin sabar ga kowane ɗan gyara yana cin lokaci, kuma tun da Docker ya bayyana a 2013, da yawa sun koma ajiye manhajarsu a kwantena, suka bar kwafin sabar ya zama siririn tushe da ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Kwantenar ma dai a ma'ajiya take kwana, da lambarta.

Saura iyakar abin. Ma'ajiya amana take riƙewa, ba ta san mai kyau da mugu ba. A 2020 masu kutsen da suka shiga injin da kamfanin SolarWinds na Texas ke haɗa manhajarsa ta Orion, suka cusa nasu umarnin a daidai lokacin haɗawa. Ƙunshin ya fito da lambarsa daidai, da sa hannun kamfanin na gaskiya, abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke shi, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Duk wani binciken lambar tantancewa cewa zai yi lafiya lau, tunda abin da aka aiko ne ya iso. Sai a Disamba kamfanin tsaro na FireEye ya bankaɗo lamarin.

Na xz ya fi ba da tsoro. Wannan ɗan kayan matse fayil ne da ke cikin kusan kowace Linux. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da shi, har ya sami ikon fitar da siga. A siga 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ƙofar baya, kuma wani ɓangare na abin da ke tayar da ita bai sa shi a rubutun da kowa ke karantawa ba, sai a cikin ƙunshin da ake rabawa. Mai duba rubutu ba zai gan shi ba. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya tona asirin, bayan ya lura shiga wata kwamfutar gwaji na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kawar da kai. An kama abin tun yana sigogin gwaji na Debian da Fedora, bai kai ga waɗanda yawancin kwafin sabobi ke tashi daga gare su ba.

Abin da ake ƙoƙarin yi a kan wannan shi ne haɗawa mai maimaituwa: mutum biyu da ba su san juna ba su ɗauki rubutu ɗaya, kowa ya haɗa a injinsa, lambar tantancewar ƙunshinsu ta fito iri ɗaya. In ta bambanta, akwai abin da ya shiga tsakani. Aiki ne mai cin rai, domin ko agogon kwamfuta da ya shiga cikin fayil ya isa ya ɓata lissafi. Masu Debian sun fi shekara goma suna bin ƙunshinsu ɗaya bayan ɗaya suna cire irin waɗannan, sun ci mafi yawa, saura na nan ana fama.



[Kiɗan rufe shiri]